Ranar da Baba Ya Ce Min "Ku"

Na ga saƙonninku duka. Masu cewa in bi Fergus in huta, da masu cewa 'yar da ta bar mahaifinta ba lafiya ba za ta ga daidai ba. Wata ma ta rubuto cewa ni wawuya ce, kuma ban ji haushi ba, don ni ma na sha faɗa wa kaina haka a gaban madubi. To ku gyara zama ku ji abin da ya faru, sannan ku sake yanke min hukunci.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Marsaili. Malama ce ni a firamaren ƙauyenmu a tsibirin Uist ta Arewa, ajin ƙanana, inda komai da harshenmu na Galik ake koyarwa, tun daga ƙirga har wanke hannu. Bara masu duba makarantu suka zo suka zauna a bayan ajina da murmushinsu mai sanyi. Da suka koma sai suka rubuto cewa yarana suna karatu, suna rubutu, amma bakinsu bai buɗe ba. Abin da ya fi min ciwo shi ne gaskiya suka faɗa. In na yi tambaya da Galik, kalma ɗaya za su ba ni, ita ma kamar ana cire musu haƙori. Da an fita shan iska kuwa, Turanci ne zai ɓarke a filin wasa har ka rasa kunnen ji.

Shi ya sa hukumar ilimi ta aiko mana Fergus daga Glasgow, ya yi zango ɗaya yana taya mu gyara koyarwa. Dogo ne siriri, da tabarau, da wata rigar ruwa ruwan ɗorawa da ake hango ta tun daga bakin teku. A jami'a ya koyi Galik bayan ya girma, don haka nasa fes yake, kamar rigar da aka goge ba a taɓa sa ta ba. Ranar farko ya zauna a ajina yana kallon yadda nake koyarwa har aka tashi.

"To, yaya ka gani?" na ce, ina jiran yabo.

"A ajin nan mutum ɗaya ne ke samun horo a kan magana," ya ce.

"Wa?"

"Ke."

Allah ya sani ranar da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina. Amma na gwada abin da ya ce. Na daina tambayar da kalma ɗaya za ta isa amsarta, na raba su rukuni-rukuni, na koyi rufe bakina in jira ko da shirun zai kashe ni. A cikin wannan jiran ne na fara lura da yadda yake tura tabarau da bayan yatsa, sauran kuma kun riga kun sani. Ya ce yana so na da aure. Ya ce wata makarantar Galik a Glasgow na neman malama irina. Zangonsa zai ƙare kafin Kirsimeti, kuma yana so mu hau jirgin ruwa tare.

Mama kuwa nata ɗan takarar na nan, Tormod maƙwabcinmu, mai tumaki da tarakta da maganar da ba ta wuce yanayin gari.

"Me Tormod ya rasa?" ta ce min tana murza kwaɓi a kicin. "Gidansa ga shi nan ta taga. In ubanki ya faɗi, kafin in yi ihu kin iso."

"Mama, ba na son sa."

"So! Ni ma so na yi, ga ni nan ina ɗaure masa takalmi. Ke kuma kin je kin kwaso mana wanda ya koyi harshenmu a littafi. Ɗan wane ne? Ko kakansa ba a sani ba."

Ba mugunta ba ce, gajiya ce. Baba, wanda duk tsibirin ke kira Ruairidh na coci, shi ne ke jan Zabura ranar Lahadi tun kafin a haife ni, yana ba da layi jama'a na amsawa. Yanzu mantuwa ta cinye shi. Turancinsa ne ya fara tafiya, gaba ɗaya, kamar ba a taɓa koya masa ba. Galik ɗin ma ya ragu ya koma "to" da "na ƙoshi". Yana zaune a kujerarsa gefen murhu da hular ulu, hannuwansa a kan gwiwa. Amma ni yana gane ni. In na shigo da yamma zai ɗago ya ce "kin dawo, 'yar tsuntsuwata", kuma don wannan kalmar kaɗai nake sauri in an tashi.

Ranar Asabar na kawo Fergus gida karon farko. Na sa siket ɗina na ulu mai ruwan ƙasa da rigar sanyi koriya da Mama ta saƙa min, ko zuciyarta za ta yi laushi. Ita kuma ta yi romon rago da sha'ir, ta fito da farantai masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai fasto ya zo. Kada ku ɗauka karramawa ce. In Mama ta fito da farantan nan, tana gaya wa mutum cewa shi baƙo ne.

A mota sai da na ja masa kunne. "Ka tuna, *sibh* ake ce wa manya."

"Haba Marsaili, ni fa nake koya wa malamai."

Mu a wajenmu tsara da yaro ake ce wa *thu*, wato kai. Babba kuwa *sibh*, ku. Ni tun da na buɗe baki ban taɓa ce wa Baba kai ba. Tsaransa duk sun kwanta a maƙabartar bakin teku, don haka in ka cire Mama, ba wanda ya rage a duniya da zai ce masa kai.

Fergus ya shigo, ya cire takalmi, ya gai da Mama daidai, har na saki numfashi. Ya juya wajen Baba, ya durƙusa a gefen kujerar, ya kama hannunsa. Tsoro ne ko ɗoki oho, sai ji na yi ya ce, "Yaya kake? Ka kwana biyu."

Ludayin da ke hannun Mama ya daki bakin tukunya.

"Kin ji ko?" ta ce ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji. "Kai. Kamar yana kiran karen tumaki."

Kunnuwan Fergus suka yi ja. Ya buɗe baki zai gyara, sai Baba ya damƙe hannunsa da ƙarfin da na manta yana da shi. Ya ƙura masa ido.

"Calum?" ya ce. "Kai ne? Ɗan banza, sai yau?"

Calum ƙanensa ne. Ya hau jirgi zuwa Kanada yana saurayi, bai sake dawowa ba har ya mutu a can. Kafin wani ya ce wani abu, Baba ya ɓalle da magana. Ya tambayi Calum ko har yanzu yana tsoron saniyar nan mai ƙaho ɗaya. Ya ce kwale-kwalen na buƙatar kwalta. Ya yi dariya har da tari, ya zage shi, ya sake dariya. Wata da watanni ban ji jimla cikakkiya a bakinsa ba, ranar sai ga ta tana zuba. Fergus ya kalle ni, na gyaɗa masa kai, sai ya zama Calum. Mama ta juya mana baya tana juya romon da ya riga ya dahu.

Da yamma saƙon Fergus ya shigo wayata.

*Kin ji Galik ɗin da ke bakin mutumin nan? Rabin kalmomin ban taɓa gani a ƙamus ba.*

*Ka ci sa'a Mama ba ta kwaɗa maka ludayi ba,* na mayar masa.

*Da gaske nake. Abin da yaranki suka rasa ke nan. Ba su taɓa jin wani yana fushi ko tsokana da Galik ba, a wajensu harshen malama ne. Kawo shi aji.*

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin yaran, amma na yi tunanin kaina ma. Na ce in Mama ta ga Baba ya farfaɗo ta dalilin Fergus, wataƙila ta sake mana.

"Ba inda za shi," in ji Mama da na gaya mata. "Mijina ba abin kallo ba ne."

"Mama, zai ji daɗi."

"Ke kin taɓa ganin ƙafarsa a cikin makarantar nan? Ranar da kika karɓi kyauta kina aji bakwai, ina ya tsaya?"

"A bakin ƙofar shinge. Ya ce kayan kamun kifi ne a jikinsa."

"Haka ya ce." Ta goge hannu da tsumman kicin... ta ninke shi, ta sake warwarewa. "To ni dai na faɗa miki."

Ban tambaye ta ba. Da na tambaya, da wataƙila ta gaya min, amma na ji tsoron amsar za ta hana ni abin da nake so. Ranar Talata da Fergus ya zo da mota, Baba da kansa ya miƙe yana neman hularsa. "Calum zai kai ni yawo," ya ce wa Mama, yana murna kamar yaro. Ta sa masa kwat ɗinsa na coci, ta ɓalla maɓallan har wuya, ba ta kalle ni ba.

Ginin makarantarmu tsoho ne, na dutse, an dai yi masa fenti an sa manyan tagogi. A bakin shinge Baba ya ɗan tsaya. Fergus ya ce, "Zo mana, kai ma da nawa," sai ya bi shi. Na zaunar da shi a kujera mai laushi, yara suka zauna a ƙasa kewaye da shi. Ni na koma gefen allo na tsaya, da baƙin siket da farar riga da katin aiki rataye a wuyana, gashina a ɗaure tam ta baya, don shugabar makaranta ta ce za ta leƙo.

Fergus ya ajiye masa kejin kama ƙaguwa da muka aro, da igiya. Hannuwan Baba suka san abinsu tun kafin shi. Ya ɗaura ƙulli, ya kwance, ya faɗi sunansa. Ya kalli wata yarinya mai suna Nora, wadda iyayenta suka ƙauro daga Ingila, wadda tun farkon zango ban ji muryarta da Galik ba.

"Ke 'yar wane ce?"

Ta faɗi sunan babanta da ƙyar.

"Ban san shi ba. Yana da kwale-kwale?"

"Yana da kwamfuta."

"Tana kama ƙaguwa?"

Ajin ya kwashe da dariya. Nora ta tura baki ta ce, da Galik ɗinta mai karkata, "Ba ta kamawa, amma ba ta wari kamar wannan abin naku!"

Jama'a, jimla guda, har da tsiwa! Daga nan kowa ya so ya yi magana. Wannan na cewa kakansa ma yana da keji, wancan na cewa ƙarya ne, wata na jan hannun kwat ɗin Baba tana so ya koya mata ƙullin. Duk da Galik. Shugabar makaranta na tsaye a ƙofa hannunta a baki. Fergus ya kalle ni ta saman tabarau, ni kuma zuciyata ta cika har na ji kamar in rungume ajin gaba ɗaya.

Sai hayaniyar ta yi yawa. Suka taso masa caa, suna ture juna, yaro ɗaya ya taka masa ƙafa. Na ji tsoron kada su kayar da shi. Na yi abin da nake yi kullum ba tare da tunani ba. Na buga tafin hannu a kan tebur, na ɗaga murya.

"Shiru! Kowa ya koma wajensa!"

Yara suka watse. Baba ya saki igiyar.

Ya miƙe a hankali, ya cire hularsa ya cusa a aljihu. Ya tako zuwa gabana da ƙananan taku, kansa a ƙasa. Ya miƙo hannuwansa biyu, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, tafin sama a buɗe, ya runtse ido. Na taɓa jin tsofaffi na cewa haka ake miƙa hannu a karɓi bulalar fata a zamaninsu, in an kama yaro yana Galik a aji. Ban taɓa kawo wa raina cewa da ubana ake ba.

Ya buɗe baki, sai Turanci ya fito. Turancin da ya ɓace masa fiye da shekara, da muryar ƙaramin yaro.

"Yi haƙuri, Malama. Ba zan ƙara ba. Ba Calum ba ne, ni na fara."

Na durƙusa a gabansa. Na kama hannuwan, sun yi sanyi. Na ce da Galik, "Baba, ni ce. Marsaili ce. 'Yar tsuntsuwarku. Ku buɗe ido ku gan ni."

Ya buɗe. Ya kalle ni da mamaki, ya kalli katin da ke wuyana, ya sake kallon fuskata. Da ya yi magana, da Galik ya yi, a hankali, cikin ladabi, kuma *sibh* ya ce min.

"Ashe kuna jin Galik, Malama? Ashe ku ma namu ne? To don me kuke dukanmu?"

Fergus ne ya mayar da shi gida. Ni na ƙarasa darasin, ban san me na koyar ba. Na wanke fuska a banɗakin malamai na fito, shugabar makaranta ta rungume ni tana cewa in yi haƙuri, amma in duba abin da ya faru da yaran. Gaskiyarta. Tun ranar, a filin wasa ana jin "tana kama ƙaguwa?" ta ko'ina, sun mayar da ita wasan tsokana, Nora ce shugabarsu. Abin da aka aiko Fergus ya gyara ya fara gyaruwa. In masu dubawa suka dawo za su sami abin rubutawa.

A gida kuwa, na cire katin, na saki gashina, na sa tsohuwar rigar sanyin da ya san ni da ita tun ina 'yan mata. Ba abin da ya sauya. Da na shiga falo sai ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya yi tsit har in fita. Na kai masa shayi, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode muku." Na rera masa Zaburar da ya fi so, ya saurara da kansa a ƙasa kamar wanda ake wa jarrabawa. Fergus na zuwa kullum bayan an tashi, kuma da zarar na ja ƙofa zan ji muryar Baba ta dawo, da dariya, da zagin Calum. Ni sai in zauna a matakalar bene in saurara ta bango. Nan nake jin ubana yanzu.

Jiya Asabar da hantsi ina wanke farantai, Fergus na falo wajen Baba, Mama ta shigo ta rufe ƙofar kicin. Na shirya jin faɗa. Tun ranar Talatar nake jiran ta ce "ai na gaya miki", har na ƙosa ta faɗa.

Ba ta faɗa ba. Ta ɗauki tsumma ta tsaya gefena tana goge abin da na wanke.

"Malamar nan da yake gani," ta ce, "'yar ƙauyen gaba ce. A coci da Galik take addu'a, a aji kuma ta doke su in sun yi shi. Ya gaya min sau ɗaya, kafin mu yi aure, bai sake ba. Ranar da kika ce za ki zama malamar Galik, fita ya yi bayan rumbun ciyawa, ya daɗe. Da ya dawo ya kira sunana ya ce, Peigi, 'yata za ta wanke ajin nan."

Ta karɓi farantin da ke hannuna.

"Likita ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Ni na san mijina." Ta ajiye tsumman. "Ki bi yaron nan, Marsaili. Na janye maganar Tormod. Yaron kirki ne, ko da ba mu san kakansa ba."

"Mama, korata kuke yi?"

"Ba na korarki, 'yar nan." Idonta ya kawo ruwa. "Amma yana cin abinci in ba kya nan. Yana magana in ba kya nan. Kwanakin da suka rage masa, ba na so ya yi su a tsaye da hula a hannu."

Abin da na yi wata biyu ina roƙo ke nan, an ba ni. Na fita ta ƙofar baya ko kwat ban ɗauka ba, na jingina da bangon da ke ƙarƙashin tagar falo, iska na dukana. Na ciro waya na rubuta wa Fergus, *Mama ta yarda. Zan bi ka Glasgow.* Yatsana na kan wajen turawa sai nasa saƙon ya riga shigowa, daga cikin falon nan da ke bayana.

*Babanki ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ba zan sake hawa jirgi in bar shi ba. Yana kuka. Marsaili, na yi masa alkawarin. Ban san yadda zan yi ba.*

Na karanta, na sake karantawa. Nawa saƙon na nan a ƙasa ban tura ba, ban kuma goge ba. Tagar a ɗan buɗe take. Na ji ƙarar kujerar Baba, na ji ya ja hanci, sannan ya rage murya yadda yara ke yi a bayan aji.

"Calum, leƙa ka gani. Ta tafi?"